Kowa Ya Iya Dashe, Wa Ya Iya Reno?

Duk shekara da zarar damina ta kankama, sai ka ga manyan gari sun fito da manyan riguna, an haƙa rami, an dasa 'yar darbejiya, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. To, mai karatu, koma wurin nan a tsakiyar bazara ka gani. Wadda awaki suka bari, gara ta ci. Wadda gara ta bari, ƙishirwa ta ƙarasa. Wannan shi ne halin da muka saba gani a hanyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum, kuma a ganina matsalar ta rashin waɗanda suka koyi renon itace ce a matsayin sana'a.

Jama'a da yawa, idan aka ce ilimin itatuwa, malamin daji ke faɗo musu a rai, wato mai tsaron gandu da kama masu sara. Alhali akwai wani fanni dabam, na kula da bishiya ɗaiɗai a inda mutane ke zaune: tsamiyar bakin kasuwa, maɗacin harabar makaranta, ɗorawar tsakiyar gona. A Ingila da Amurka matashi kan shiga kwaleji musamman domin wannan, ya fito da takardar shaida, ya ci abinci da ita har tsufansa.

Aikin kuwa ya wuce ɗaukar gatari. Wanda ya koya ya san cewa babban reshe sai an fara tsaga shi ta ƙasa kafin a sare ta sama, don kada nauyinsa ya saɓule ɓawon gangar jikin. Ya san a bakin kumburin nan da reshe ya haɗu da uwarsa ake yanka, domin a nan ne raunin ke saurin rufewa; idan aka bar dungu, ruwa ya kwanta, ruɓa ta shiga, bayan 'yan shekaru iskar farkon damina ta kayar da itacen a kan ɗakin wani. Ya san kauci, wanda ke tsotse kaɗanya da ɗorawa a hankali, ba a fizge shi da hannu, sai an cire reshen da ya kafa saiwa a ciki. Haka nan ya iya yi wa mangwaro aure, ya iya hawa da igiya ba tare da ya jefa ransa cikin haɗari ba. Kaɗanyar da kan shafe shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ai bai kamata sara ɗaya na ganganci ya kashe ta ba.

Kada wani ya ce wannan almarar Turawa ce. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada. Tun daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka kama abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a bar shi, a rage sauran. Da wannan dabara, wadda wuƙa kawai take buƙata, aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya koma gonaki.

Makarantun koyon ilimin daji akwai su a Nijeriya. Akwai kwalejojin tarayya a Ibadan da Jos da Afaka ta Kaduna, masu ba da difloma ta shekara 2, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuma tana da sashen wannan fanni. Sai dai yaron Bagega da ya bar makaranta a ƙaramar sakandare, wane uba ne zai iya ɗaukar nauyinsa zuwa Jos, ga kuɗin mota ga halin da hanyoyi ke ciki?

Shi ya sa nake kira ga gwamnatin jiha da ta dubi kwalejin aikin gona ta Bakura, wadda ba ta da nisa da Talatar Mafara, a buɗe gajeren kwas na wata 6 zuwa 9, da Hausa, rabinsa a aji rabinsa a gindin bishiya. Ƙananan hukumomin nan uku su tura matasansu, su kuma yi alƙawarin ba su aikin kula da itatuwan makarantu da asibitoci da kasuwanni. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Su ma suna buƙatar masu reno.

Na san za a ce daji ya gagari shiga saboda 'yan bindiga. Gaskiya ne, amma wannan aiki a cikin gari da bayan gari ake yin sa. Kuma mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma daga dutsen zinare ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Matashin da ke da zarto da igiya da takardar shaida, masu lambun mangwaro na bakin gulbin Zamfara za su neme shi, kuma kowace rana da ya yi a kan bishiya, bai yi ta a cikin ramin haƙar zinare ba.