Ƙwayar gyambon ciki da ciwon fuka

Da yawa cikinmu mun san zafin gyambon ciki. A shekara ta 1982, likitoci biyu na ƙasar Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ta fi haddasa shi. Sunanta Helikobakta. Tana shiga cikin mutum tun yana yaro, ta miyau ko ta ruwa marar tsabta.

Daga baya, masu bincike suka lura da abin mamaki: yaran da ke ɗauke da ita ba su cika kamuwa da fuka da borin jini ba kamar sauran yara. Ana zaton tana ladabtar da garkuwar jiki, don kada ta yaƙi abin da ba cuta ba, kamar ƙura.

To, mu ƙyale ta ke nan? A'a. Tana iya jawo aman jini, har da ciwon daji. Mu tafasa ruwan sha, mu wanke hannu da sabulu, uwaye su bar tauna wa jarirai abinci. Mai ciwon ciki ya bar dogara ga kanwa, ya tafi likita. Maganin kwana 10 zuwa 14 ne. A shanye shi duka.