Ina Za A Ci Rani Bana? Darasin Zaɓen Mazauni Daga Tsaunukan Turai Zuwa Iyakar Bagudo

Duk shekara idan kaka ta ja baya, aka kai gero da dawa rumbu, iskar hunturu ta fara tsage leɓe, akwai wata shawara da ake yankewa a rugagen Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ba ta shiga jarida, amma dukiyar iyalai masu yawa a kanta take rataye. Dattawa kan zauna su tambayi juna: ina za a ci rani bana? A gangara bakin Kwara wajen Illo da Lolo, ko a bi ta Kaoje da Tsamiya a tsallaka ƙasar Benin, ko kuwa a haƙura a zauna a mashekari a sayi dusa da harawa har ruwa ya sauka? Wanda ya dace da amsa zai dawo da garkensa cikakke. Wanda ya kuskure zai iya dawowa da sanda kawai.

A daidai wannan lokaci, can a Turai, wasu mutane na fama da tambaya mai kama da wannan, ko da yake su jin daɗi ya kai su gare ta. Attajiri a Landan ko Faris kan so ya mallaki gida na biyu a wani gari na kan tsaunukan Alps, inda zai je da iyalinsa lokacin sanyi su yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mai karatu zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Na daɗe ina nazarin zirga-zirgar mutane a wannan yanki na kan iyaka, kuma abin da na lura da shi shi ne, duk mai neman mazaunin da zai zauna wani ɓangare na shekara kawai, tambayoyi huɗu yake yi: shin abin da ya kawo ni zai samu, shin akwai hanya, shin doka ta yarda da ni, shin mutanen wurin za su karɓe ni? Yadda Turawa suka fuskanci biyun ƙarshe yana ɗauke da darasin da muke buƙata.

Tambaya ta farko: ruwa

Mai sayen gida a garin zamiya ba ya fara duba kyan ginin. Tsayin garin daga teku yake fara tambaya, domin ɗumamar yanayi ta sa dusar ƙanƙara ta daina cika alkawari a ƙananan tsaunuka. A shekarar 2023 hukumomin wani ƙaramin wurin zamiya a Faransa mai suna La Sambuy suka rufe shi saboda ƙanƙarar ba ta daɗewa yadda za a mayar da kuɗin da aka kashe. Garuruwa irin su Val Thorens, wanda ke kan tsayin mita 2,300, su ne kasuwarsu ke ci, domin can sanyi bai gudu ba tukuna.

Makiyayin Bagudo shi ma abin da sama ke saukarwa yake bi, sai dai nasa lissafin ya fi wuya. Kogin Kwara, wato Neja, yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko ta damina ce, wadda masana ke kira farin ruwa saboda laka da take ɗauke da ita. Ta biyu kuwa, baƙin ruwa, ruwan saman da ya zuba ne a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, sannan ya iso mana a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Wannan ne ya sa fadamar Kwara take zama kore sa'ad da tudu ya bushe ƙurmus, kuma shi ya sa ciyawar burgu take jiran shanu idan ruwan ya janye wajen bazara. Dole makiyayi ya san ranar da ƙafar saniya za ta iya taka fadama ba ta nutse ba, ya san inda tsando ya yi yawa har sammore zai kama dabba, ya san rijiyar da ke kaiwa watan Afrilu da wadda ke ƙafewa tun Fabrairu.

Fulani ba su bar wannan ilimi ga sa'a ba. Suna da garso, wato gwanin da ake turawa gaba ya dubo ciyawa da mashaya, ya gana da masu ƙasa, ya dawo da rahoto kafin garke ya motsa. Aikin da dillalin gidaje da masanin yanayi suke yi wa Bature, shi garso yake yi wa ruga, ba tare da takarda ko na'ura ba.

Tambaya ta biyu: hanya

Bature yakan auna nisan garin da filin jirgin sama, ya tambaya ko ana share titi idan ƙanƙara ta rufe shi. Hanyar makiyayi ita ce burtali, kuma burtali a yau ya zama abin tausayi. Gonaki sun cinye shi daga gefe da gefe, har wani wuri ya koma siririn layi da saniya biyu ba sa iya jerawa.

Ita ma fadamar ta canja hannu. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa a bakin kogunan jihar, injinan ban ruwa suna kuka dare da rana. Wannan alheri ne, kuma ba mai hankalin da zai zargi manomin da ya samu hanyar ciyar da iyalinsa sau biyu a shekara. Sai dai filin da shinkafar ta hau, a wurare da dama, shi ne inda shanu suka saba cin rani tun kaka da kakanni, kuma ba a zauna an raba wa kowa lokacinsa da mashigarsa ba. A tsallaken iyaka ma haka abin yake: auduga ta mamaye ƙasar Alibori, daga Kandi zuwa Banikoara, dajin da ya rage kuma mafi yawansa na gwamnati ne da aka hana kiwo a ciki.

Tambaya ta uku: doka

A nan ne labarin Turai ya fi amfani. Ƙasar Suwizalan ta ga yadda baƙi masu kuɗi suke saye garuruwan tsaunukanta, sai ta yi doka a 1983 wadda ta taƙaita sayar wa 'yan ƙasashen waje gidaje. Bayan haka, a watan Maris na 2012, 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, da rinjaye ɗan kaɗan, suka amince kada gidajen hutu su wuce kashi 20 cikin 100 na gidajen kowace gunduma. Abin lura shi ne ba su kori baƙon lokaci ba, domin sun san da kuɗinsa garuruwan ke rayuwa. Sun ƙidaya shi, sun yanka masa iyaka, sun sa masa haraji. Mai son saye ya san matsayinsa tun kafin ya fitar da ko sisi.

Mu ma muna da doka a takarda. A watan Oktoban 1998, a Abuja, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka amince makiyaya su riƙa tsallaka iyakokin ƙasashen ƙungiyar, bisa sharaɗin riƙe takardar shaidar ƙaura wadda ke nuna yawan dabbobi, allurar rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi, a kuma tsallaka da rana ta mashigar da aka sani. Ƙasar da za ta karɓi baƙin ita ke sa ranar shiga da ta fita. Tsari ne mai kyau. Amma a tafiye-tafiyena na bincike, makiyayan da na tarar sun taɓa riƙe wannan takarda ba su da yawa, kuma da dama ba su san ofishin da ake bayar da ita ba.

Da dokar ta zama ba ta aiki, sai Benin ta ɗauki gajeriyar hanya. A ƙarshen Disamban 2019 ta haramta shigowar garken ƙetare, tana mai kafa hujja da rikicin manoma da makiyaya da ke cin rayuka duk shekara, ta kuma koma ga manufar zaunar da makiyayanta wuri guda. Wannan ya zo ne wata huɗu bayan Najeriya ta rufe nata iyakokin na tudu a Agustan 2019. Saniya kuwa ba ta karanta sanarwa. Wanda yunwar dabbobinsa ta matsa masa yakan bi ta daji cikin dare, daga nan ya zama mai laifi, ba shi da bakin kai ƙara idan an zalunce shi, ba a kuma da hanyar kamo shi idan shi ya yi ɓarna.

Ya kamata mu tuna cewa wannan iyaka ba ta daɗe ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Mutanen Segbana da na Illo dangin juna ne, da auratayya da kasuwa a tsakaninsu. Hanyar cin rani ta girmi layin da aka ja a Faris.

Tambaya ta huɗu: masu gari

Mutanen tsaunukan Suwizalan suna da wani suna da suke kiran gidajen baƙi da shi: gadaje masu sanyi. Gida ne da ake kwana a cikinsa mako uku a shekara, sauran watanni tagoginsa a rufe, ga shi ya tsauwala farashi har ɗan gari ba ya iya samun muhalli a garin ubansa. Ƙorafinsu shi ne baƙon yana cin daɗin wuri, ba ya ɗaukar nauyinsa.

Irin wannan ƙorafi manomin Segbana ko na Lolo yake yi, kuma adalci ne a saurare shi. A da, baƙon rani yana da mai masauki. Yakan sauka a gonar da aka girbe da izinin mai ita, shanu su ci kara su bar taki, matan ruga su kawo nono su karɓi hatsi, idan an yi ɓarna a je gaban hakimi da ardo a biya. Yanzu takin zamani ya rage darajar kashin shanu a idon manomi, kara da harawa sun zama kayan sayarwa, garke kuma sau da yawa yara ne ke biye da shi, mai dukiyar yana can birni. Zumuncin da ke ɗaure baƙo da mai gida ya sassauta, sai zargi ya cike gurbinsa.

A kan wannan rauni ne matsalar tsaro ta sauka. Gandun dajin W da ke arewacin Benin ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, inda a watan Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kisan sojojinta 54 a hari na rana guda. A ɓangarenmu kuma sunan Lakurawa ya shiga bakin kowa a Kebbi da Sakkwato. Makiyayi na gaskiya ya shiga tsaka mai wuya: 'yan bindiga na karɓar dabbobinsa da sunan zakka, jami'in tsaro na kallonsa a matsayin ɗan leƙen asirinsu. Matashin da aka rufe wa kowace hanya ta halal, shi ne wanda masu ɗaukar mayaƙa suka fi sauƙin samu.

Abin da ya kamata a yi

Ra'ayina shi ne a daina ɗaukar zaman lokaci a matsayin ɓata-gari, a mayar da shi zama mai rajista. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin fili na gargajiya har hekta 5,000 domin kiwo. Ƙaramar Hukumar Bagudo, tare da Masarautar Gwandu da hakiman yankin, za su iya amfani da wannan iko su keɓe wuraren cin rani da mashaya, a kafa musu alamun siminti, a rubuta ranar da manomin fadama zai gama kwashe shinkafarsa da ranar da garke zai shiga.

Na biyu, Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, ta sa jami'in dabbobi a Tsamiya da Lolo daga Nuwamba zuwa Mayu, mai allurar rigakafi da takardar shaida a hannu. Da haka ne Najeriya za ta samu bakin zama da Benin ta nemi a buɗe ƙofa ga adadin da aka ƙidaya, na watannin da aka sani. Na uku, shugabannin Bagudo da na Segbana da Malanville su riƙa ganawa kowace kaka kafin shanu su motsa, tun ba a kai ga ɗaukar gawa ba.

Su ma makiyaya da nasu nauyin. Wanda ke son a karɓe shi baƙo sai ya yarda a san sunansa da yawan dabbobinsa, ya sa babba a bayan garke, ya biya ɓarna ba gardama, ya kuma daina rufa wa mugu asiri don yarensu ɗaya.

Attajirin da ya zaɓi garin da ƙanƙara ta guje wa, hutunsa kawai ya lalace, gidan kuma zai sayar ko da da hasara. Dattijon da ke zaune a bakin ruga a Kaoje yana lissafin inda zai kai shanu hamsin da ya gada, ba shi da wani abin da zai koma gare shi idan lissafin ya ɓaci, kuma naman da nonon da muke saye a Birnin Kebbi da Legas daga wannan lissafi suke fitowa. Hunturu na tafe, shawarar kuma za a yanke ta ko hukuma ta taimaka ko ba ta taimaka ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya.