Shayin Ingila Ba a Ingila Yake Tsirowa Ba

Da zarar an ji ɗan'uwa zai bi ta Landan, wayarsa ta shiga uku. "Yaya, don Allah ka taho min da shayin Yorkshire kwali biyu." "Kawu, PG Tips dai, babban kwalin nan, in ka sauka zan tura maka kuɗin." Masu aiken galibi mutanenmu ne da suka yi karatu ko aiki a Ingila, suka saba da shayinta, sannan neman abinci ya kai su Amurka, Jamus, Kanada ko ƙasashen Larabawa. Wanda bai sami ɗan aike ba sai ya shiga intanet ya sayi kwali ɗaya a kan kuɗin kwali uku, ya ƙara da kuɗin aiko shi. In ka tambaye shi dalili, amsar ɗaya ce: wai shayin gaske sai wanda aka ɗauko daga kantin Ingila, sauran duk jabu ne, ko kuwa sharar masana'anta ce ake tattarawa a ɗura wa 'yan ƙasashen waje. Na gaji da jin wannan magana daga bakin masu digiri biyu da uku.

Ingila ba ta noman shayi, in ban da 'yan gonaki da ba su taka kara sun karya ba. Wadda ta fi suna ita ce Tregothnan a yankin Cornwall, kuma sai a 2005 ta fara fitar da ganyenta kasuwa, a farashin da ba na mai shan kofi uku a rana ba ne. Ƙungiyar 'yan kasuwar shayi ta ƙasar tana ƙiyasta cewa ana shan kofi kusan miliyan 100 a kowace rana a Birtaniya. To, daga ina ganyen? Daga Kenya da farko, domin ita ce ta fi kowace ƙasa sayar wa Birtaniya ganyen shayi, sai jihar Assam ta Indiya, sai Malawi da Ruwanda da makamantansu. Shuka ce mai son ruwan sama da yawa da ƙasa mai tsami, a Afirka kuma ta fi yin kyau a kan tuddai, abin da ya sa a Najeriya ma a tsaunin Mambila na jihar Taraba ake noma ta.

Tarihin ma bai ɓuya ba. A ƙarni na 19 Turawa suka baza gonakin shayi a Assam don su daina dogara da Sin. A 1903 aka fara dasa shi a Limuru ta Kenya, daga baya manyan gonaki suka kafu a Kericho, yau kuma ƙananan manoma fiye da rabin miliyan ne ke tsinkar ganyen da hannu suna kai wa masana'antu. Kasuwar gwanjon shayi ta Landan, wadda ta fara ci tun 1679, an rufe ta a 1998. Yanzu a Mombasa ake gwanjon mafi yawan ganyen Gabashin Afirka, kuma a gwanjo ɗaya mai sayen kamfanin Ingila yake taya kaya da mai sayen Pakistan da na Masar. Pakistan ma ta fi Ingila ɗibar kayan nesa ba kusa ba. Wato ɗalibin da ke zaune a Alƙahira yana roƙon a kawo masa shayi daga Landan, alhali shayin El Arosa da ke shagon ƙasan benensa ganyen Kenya ne, ya bar abu a ƙofar gidansa yana hangensa a bayan teku.

Sunayen da ake bauta wa ɗin ma a duba su. Tetley tun shekarar 2000 mallakar kamfanin Tata na Indiya ne. Twinings, mai shago a titin Strand na Landan tun 1706, ya kwashe wani babban kaso na aikin ɗurinsa zuwa Poland tun shekaru da dama da suka wuce. PG Tips da Lipton kamfanin Unilever ya sayar da su a 2022 ga masu zuba jari. Lipton mai kwalin ruwan ɗorawa kuwa, wanda muka tashi muna ɗauka shi ne shayin Bature, da ƙyar za ka gan shi a manyan kantunan Ingila, kuma ɗaya daga cikin manyan masana'antunsa a Jebel Ali take, a Dubai. Yorkshire Tea dai yana hannun 'yan gida har yanzu, kamfanin Taylors na garin Harrogate, amma ko su ba su taɓa cewa a Yorkshire suke shuka ba. A fili suke faɗin cewa daga Assam da Gabashin Afirka suke sayowa.

Abin da Ingila take da shi gwaninta ce ta haɗi. Masu ɗanɗano suna gauraya ganyen gonaki masu yawa, na Assam don kauri, na Kenya don launin nan ja mai haske, har su sami abin da zai tsaya da ƙafarsa in an zuba masa madara, kuma ɗanɗanon kwalin bana ya zo daidai da na bara. Wannan aiki ne na gaske, ban raina shi ba. Amma haɗi ne, kuma wasu ma sun iya.

Maganar shara kuwa, rashin sanin yadda ake sarrafa ganyen ne. Tun wajen 1930 aka ƙirƙiro wata na'ura a Assam mai murƙushe ganye, ta yayyaga shi, ta dunƙule shi ƙanana-ƙanana. 'Yan kasuwa suna kiran irin wannan ganye CTC. Bayan an busar, sai a tankaɗe a raba shi gwargwadon girman ƙwaya, mafi laushin a ɗura a 'yan jakunkunan da muke tsomawa a kofi, saboda ya fi saurin sakin launi da ƙarfi. Yaga jakar Yorkshire ɗin da aka ɗauko maka daga Landan ka zazzage a kan farar takarda: gari ne baƙi-baƙi, kusan irin wanda ke cikin kwalin da kake zagi. Akwai mai kyau da maras kyau a cikin garin, i, amma ba wanda ya ɗauki tsintsiya.

Duk da haka jita-jitar ba a banza ta samo kafa ba, kuma wanda ya ce kofinsa na Amurka salam yake ba ƙarya ya yi ba. Kamfani ɗaya yakan yi haɗi daban don kasuwa daban. Amurkawa da yawa shayi mai ƙanƙara suke sha, ba madara, don haka nasu haɗin bai kai na Ingila kauri ba, kuma kaso mai yawa na ganyen da Amurka ke shigowa da shi daga Ajantina yake. Sannan ga nauyi. Kwalin Yorkshire mai jaka 80 giram 250 ne, wato kowace jaka ta ɗan haura giram 3. Kwalin Lipton na Amurka mai jaka 100 giram 226 ne, kowace jaka giram 2 da 'yan kai. Ka ɗauki ƙaramar jaka ka jefa a ƙaton kofi, dole ka sha ruwan zafi mai launi. Maganin wannan jaka biyu ne, ba tikitin jirgi ba. Tsadar na shigowa kuwa ba wani sirri a cikinta: a Ingila ba a ɗora wa ganyen shayi harajin VAT, a waje kuma ga kuɗin jigila, ga canjin kuɗi, ga ribar ɗan tsakiya.

To, ina mafita ga wanda harshensa ya riga ya saba? Ya fara da koyon karanta kwali. Kada a ƙirga jakunkuna, a duba nauyin da aka rubuta a ƙasa, a raba kuɗin da giram. Da wannan lissafi kaɗai za ka gane cewa ƙaramin kwali mai tutar Ingila da hoton jar bas, wanda ake jerawa a sashen kayan ƙasashen waje na manyan kantuna, shi ne mafi tsada a garin, kuma kuɗin kwalliyar kake biya. A kula kuma da manyan buhunan da ake yi don ofisoshi da gidajen abinci, masu jaka dubu da ɗoriya. Suna da araha ƙwarai, amma wasunsu jakar kofi ɗaya ce, ƙarama, ba ta kai ta kwalin gida nauyi ba.

Daga nan sai shagon Indiyawa ko 'yan Pakistan, wanda kusan babu babban birnin da ba shi da shi. A Amurka akwai irin su Patel Brothers, a ƙasashen Larabawa ga Lulu. Sau da yawa a can za ka tarar da PG Tips da Tetley na ainihi, manyan kwalaye, a ƙasa da farashin intanet, saboda masu shagon suna shigo da su da yawa don mutanensu da suka zauna Ingila. A kan kanta ɗaya kuma ga Brooke Bond Red Label, ga Wagh Bakri, ga Tapal Danedar, duk CTC ne mai ƙarfi da aka yi don madara. Kilo ɗaya na sakakken ganye, in kana ɗibar giram 3, ya haura kofi 300. Abin da za ka ƙara saya ɗan mataci ne kawai. A shagunan 'yan Gabashin Afirka kuma a nemi Ketepa ko Kericho Gold, ganyen Kenya tsantsa da bai bi ta Ingila ba balle a ɗora masa kuɗin yawo. Na san za a ce araha ba ta ado. A nan dai ta yi.

Mazauna Tarayyar Turai suna da tasu matsalar tun da Birtaniya ta fice. Daga Janairun 2021 kayan da aka aiko daga Ingila sai sun bi ta kwastan, a Yulin shekarar kuma aka soke rangwamen harajin da ake yi wa ƙananan saƙonni na ƙasa da yuro 22. Sai mutum ya ga farashi mai daɗi a intanet, ranar da ma'aikacin gidan waya ya ƙwanƙwasa ƙofa ya zo da takardar haraji da ladan aikinsa. Hanyar kauce wa wannan ita ce Ayilan, wadda ke cikin Tarayyar har yanzu: Barry's na birnin Cork da Lyons shayi ne irin na Ingila, wasu ma sun fi son su, kuma babu kwastan tsakanin Dublin da Berlin. Wanda ke Jamus ma ba sai ya je nesa ba, shayin Ostfriesland da ke manyan kantuna, irin su Bünting, haɗin Assam ne mai kauri da aka saba sha da kirim. A Amurka kuma an soke rangwamen saƙonnin ƙasa da dala 800 a Agustan 2025, don haka kafin a biya a tabbata mai sayarwar a cikin ƙasar kayansa suke.

Kwanan watan da ke jikin kwali na ɗanɗano ne. Busasshen ganye da ke rufe a ledarsa ba ya zama guba don ranar ta wuce, ƙamshinsa ne ke raguwa a hankali, shi ya sa kwalayen da aka karya wa farashi don ranarsu ta kusa ganima ce ga gida mai shan shayi kullum. Abin da ke kashe ganye ajiya ce. Yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, mu kuwa a kabad ɗaya muke cusa shi da daddawa da yaji da busasshen kifi. A juye shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu.

Ruwa ma yana da nasa hannun, har Taylors suna da haɗi na musamman don garuruwan da ruwansu ke da alli. In kana ganin wani ɓawo-ɓawo yana yawo a saman kofinka, gwada tataccen ruwa kafin ka zargi kwalin. Ruwan ya tafasa sosai, ba ɗumin na'urar ɗumama abinci ba, a bar jakar minti huɗu ko biyar. Sai abin da ya fi ba ni haushi. Mutum ya matsa wa ɗan'uwansa ya jido masa shayi daga wata nahiya, sannan ya tsoma jakar sau biyu ya cire, ya kwarara madarar gwangwani, ya zuba Milo cokali biyu, sukari ƙwaya huɗu, ga citta ga kanumfari. Wallahi a cikin wannan haɗi ko mai ɗanɗanon Harrogate ba zai gane ganyensa ba. Sha abinka yadda kake so, babu laifi, amma ka yi shi da ganyen shagon unguwa, kuɗin da ya ragu ka tura wa na gida. Almubazzaranci ba sai a biki ake yin sa ba, kuma wani sa'in ba ɗanɗanon ake nema ba, so ake baƙo ya ga kwalin a kan teburi.

A ji tsoron Allah kuma game da matafiya. Akwatin kilo 23 ne, mai shi yana da iyali da tsarabarsa, kwalin shayi kuma ba nauyi gare shi ba, wuri yake ci. Kunya ce ke hana shi cewa a'a, sai ya je filin jirgi ya biya kuɗin ƙarin kaya daga aljihunsa, mai aiken kuma ya manta da alkawarin turo kuɗi. Mafi muni shi ne a ce masa "wani zai kawo maka saƙona" a miƙa masa ƙunshi a naɗe da salatif daga hannun wanda bai sani ba. Mutane nawa ne suka kwana a hannun hukuma a kan saƙon da aka ce musu kayan shayi ne? Duk wanda zai ɗauko wa wani, ya shiga kanti da ƙafarsa ya saya, ya riƙe rasit. In Tarayyar Turai zai shiga, ganyen shayi ba laifi, amma madara da nama daga Ingila an hana, ko da a cikin jakar hannu ne, don haka kada a haɗa masa da gwangwanin madarar gari.

Wanda kuma ya gwada duk waɗannan ya ce shi dai sai Yorkshire, to ya nemi gidaje uku ko huɗu masu irin lalurarsa su haɗa kuɗi su sayi babban buhu ɗaya daga dillalin da ke cikin ƙasar da suke, su raba a gwangwanaye. Kuɗin aikowa ɗaya ne, kuma ganyen zai ƙare kafin ya kwana biyu a kabad.