Tabon ƙuna a kai: shin gashi zai sake fitowa?

Da zarar hunturu ya kankama daga Tiga zuwa Tudun Wada, har Doguwa inda sanyin duwatsu ke sa mutum neman bargo na biyu, sai a fito da kasko ana jin ɗumi. Lokacin ne yara suka fi ƙonewa: mai rarrafe ya faɗa garwashi, ko tukunyar ruwan wanka ta kife masa a ka. Ciwon yakan warke, tabon ne ke zama, sumul, yana ƙyalli, babu ko silin gashi. Namiji dai hula ta rufa masa asiri. Yarinya kuwa, mai kitso ce za ta yi ta dabara, ta karkatar da tsaga, ta janyo gashin gefe ta lulluɓe wurin, uwar na zaune a gefe tana tambaya ko akwai man da za a shafa.

Gaskiya babu shi. Kowane gashi yana da saiwa a cikin fata. Idan ƙunar ta tsaya a sama-sama, saiwar na nan da rai, gashi zai dawo da kansa. Idan ta yi zurfi, saiwar ta mutu, kuma ko man kaɗe ko na kwalbar da ake talla da lasifika ranar kasuwa ba zai tashe ta ba.

Abin da likitoci ke yi dashe ne, irin wanda manomin shinkafa ya sani: a ciro daga inda ya yi kauri a kai inda babu. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000. Daga ƙeya ake zaro saiwoyin da wani ɗan bututu mai faɗin kusan milimita ɗaya, kowane gungu da sili ɗaya zuwa huɗu, a dasa su a tabon. Na mutumin kansa ake ɗauka. Na ɗan'uwa, ko uwa ɗaya uba ɗaya, jiki ba ya karɓa. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana irin wannan aiki tun 1939, kuma masu tabon ƙuna na cikin waɗanda ya yi wa. Yaƙin Duniya na Biyu ya binne labarin, sai a 1959 Norman Orentreich na Amurka ya nuna cewa gashin da aka dasa yana riƙe halin inda aka ciro shi.

To amma tabo fako ne. Fatarsa ta yi tauri, jini ba ya gudana sosai, don haka ba duk dashen ke kamawa ba. Shi ya sa ake jira tabon ya kwanta, sau da yawa shekara guda ko fiye, kuma ba a cusa saiwoyi da yawa a zama ɗaya. Abin da ke tayar wa iyaye hankali shi ne gashin da aka dasa yakan zube bayan 'yan makonni. Ba lalacewa ya yi ba. Yana sake tsirowa bayan wata uku zuwa huɗu, sai an shekara ake ganin sakamako.

Idan tabon mai faɗi ne, dashe kaɗai ba ya isa. Sai a sa wata 'yar jaka kamar balan-balan a ƙarƙashin fatar da ke da gashi, a riƙa ɗura mata ruwa mako-mako har fatar ta buɗe, sannan a yanke tabon a janyo ta ta rufe wurin. Wannan aikin likitocin gyaran fata ne, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma su ne za su faɗi wanda ya dace da wane tabo.

Ni a ganina, sa'ar farko bayan ƙunar ta fi duk wannan muhimmanci, don ƙunar da ta ruɓe takan ƙara zurfi ta cinye saiwar da wuta ta bari. Jama'a, a daina fasa ɗanyen ƙwai, a daina shafa manja ko man goge baki. A zuba ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti a ranar.