Kili Paul: Yadda masoya suka ɗaga wani makiyayi daga ƙauyen da babu wuta zuwa allon talabijin na Indiya

A ƙarshen shekarar 2021 wani ɗan gajeren bidiyo ya karaɗe wayoyin mutanen Indiya. Wani saurayi ne sanye da tufafin Masai, yana tsaye a filin ƙauye, yana motsa baki daidai da waƙar Raataan Lambiyan ta fim ɗin Shershaah. A bayansa ƙanwarsa Neema ce, tana ɗan murmushi cikin kunya, tana jiran wurin da muryar mace za ta shigo.

Sunansa Kili Paul, ɗan Tanzaniya, manomi kuma makiyayi. Ba ya jin Indiyanci. Abin da ya fara ba mutane dariya shi ne yadda yake marairaice fuska da ɗora hannu a ƙirji, sai ka rantse jarumin Bollywood ne soyayya ta kama. Amma da suka sake kallo, sai dariyar ta koma mamaki, domin leɓensa bai kuskure kalma ba.

Wahalar da ba a gani a bidiyon

A lokacin babu wutar lantarki a ƙauyensu, Mindu Tulieni, da ke yankin Pwani. Sai Kili ya je garin Lugoba kafin ya yi cajin waya. Kafin ya ɗauki bidiyo kuma, yakan nemi baitukan waƙar a intanet, ya haddace, ya binciko ma'anarsu, don fuskarsa ta dace da abin da ake faɗa. Ba shi da sutudiyo, ba shi da fitilar ɗaukar hoto. Wayarsa ce kawai da hasken rana.

Abin da masoya suka yi

A TikTok Kili ya fara, amma Indiya ta haramta manhajar tun watan Yunin 2020. Ke nan akasarin mutanen da suka fi son aikinsa ba su da hanyar ganinsa a can. Masu kallo ne suka riƙa kwafe bidiyon suna yaɗawa a Instagram da Twitter da WhatsApp, har ya isa ga taurarin fim ɗin, Kiara Advani ma ta saka shi a shafinta.

Daga nan sai roƙo ya fara. Kowane yanki na Indiya yana so a yi masa waƙar harshensa: Punjabi, Bhojpuri, Tamil, Telugu. Kili kuwa bai yi musu rowa ba. Mutanen jihar Kerala har laƙabi suka yi masa, suna kiransa Unniyettan, irin sunan da ake kiran yaya na gida. A watan Fabrairun 2022 ofishin jakadancin Indiya a Darussalam ya karrama shi, kuma a cikin watan Firaminista Narendra Modi ya ambaci shi da Neema a shirinsa na rediyo, Mann Ki Baat. Kafin shekarar ta ƙare, Kili ya je Indiya, ya fito a shirin Bigg Boss.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Shekaru da dama ke nan ana kallon finafinan Indiya a Kano da Kaduna, ana rera waƙoƙinsu ba tare da an ji harshen ba. Bambancin kawai shi ne yanzu masu waƙar suna iya ganinka, su ma amsa maka.

Suna daban, kuɗi daban

Sai dai yawan kallo ba shi ne kuɗi a aljihu ba. Waƙar da ka ɗora muryarta ba taka ba ce. Manhajoji suna da yarjejeniya da kamfanonin waƙa, shi ya sa za ka iya ɗauko sauti daga rumbunsu. A YouTube kuwa, tsarin Content ID yana gane waƙar da kansa, kuma mai ita na iya karɓe kuɗin tallan ko ya toshe bidiyon. Asusun da TikTok ya buɗe a 2020 don biyan masu bidiyo ma a Amurka da wasu ƙasashen Turai ya tsaya, bai iso Tanzaniya ko Najeriya ba.

Don haka mai irin wannan sana'a a Afirka ya fi dogara da tallan kamfanoni da gayyatar taruka, su kuma ba sa zuwa sai an ga kana da jama'ar da ke dawowa. Idan kana shirin gwadawa, ɗauki sautin daga cikin manhajar, kada ka tsaya a dandali ɗaya, kuma ka riƙa karanta abin da masu kallo ke roƙo. Sau da yawa bidiyonka na gaba yana nan a cikin roƙon nasu.