Faɗuwar 'Yandoto a Cikin Littafi

Malamin Hausa ya sha nuna mana cewa a rubutun boko, kalmar nan "faɗi" fuska uku gare ta. Akwai faɗi na wanda ya sha ƙasa, da faɗi na magana, da faɗin kogi. Baki ya kan rarrabe su, alƙalami kuwa ba ya iyawa. Biyun farko su ne abin duba a gare mu, domin a littattafan tarihi wanda ya faɗi ba safai ya kan sami damar faɗin nasa labarin ba.

Mu da muka fito daga Gusau da Tsafe da Bungudu ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga 'Yandoto nan tsakanin Gusau da Tsafe. A zamanin dā birnin malamai ne a ƙasar Katsina, almajirai na zuwa daga nesa neman ilmi. Da jihadi ya tashi a 1804, yawancin malamanta ba su bi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, har waɗanda suka bi shi suka bar garin, cikinsu da Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda daga baya ya kafa Gusau. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin, mutanensa suka watse.

To, daga bakin wa muka ji wannan? Daga Bello, cikin littafinsa Infakul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. Ya ce ya nemi malaman su zo a yi muƙabala, suka ƙi. Ba mu ce ƙarya ya yi ba, Allah ya kiyaye. Amma alƙali ba ya yanke shari'a da jin ɓangare guda, mu kuwa ɓangare guda muke karantawa, mu haddace, mu kai ɗakin jarrabawa.

Sai dai a yaba wa Bello da abu ɗaya. Ya sa wasiƙun Shehu Laminu na Barno a cikin littafin nan, alhali kuwa suka ce gare shi da jama'arsa. Ɗaya daga cikin zargin shi ne mayaƙa suna wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa cewa a wani yaƙi ya ga iska na kwasar takardu, ya yi ta tsincewa da hannunsa har ya gaji, sa'an nan ya tsawata wa mayaƙan. Waɗansu masana tarihi suna ganin a 'Yandoto ne abin ya auku. Ashe ko hasarar da malaman nan suka yi, daga alƙalamin wanda ya ci su muka san ta.

Sunan kuwa bai mutu ba. Zuriyar masu sarautar garin suka zauna Tsafe, sarkinta kuma 'Yandoto ake ce masa. Na Gusau Sarkin Katsina ne, watau shi ma sarautarsa tana tuna ƙasar da 'Yandoto take ciki. Idan hutu ya zo, wanda ya ke da kaka a Tsafe ya tafi da takarda da fensir, ya tambaye ta yadda aka ba ta labarin ranar nan.