Murfin kan inji: tsakanin ado da asali, ina riba take?

Kwanan baya, bayan mun kammala shirinmu na ranar kasuwa a gidan rediyo, wani mai sayar da kayan gyaran mota ya tare mu da wayarsa a hannu. Ya nuna mana bidiyon wasu tsofaffin motoci na Amurka da aka buɗe bakinsu, injin yana walƙiya kamar faranti a ɗakin amarya. Tambayarsa ita ce, shin idan ya saro irin waɗannan murafun na ado zai samu masu saye, kuma babu wata illa ga motar? Mun yi masa alkawarin amsa, to ga ta nan, domin kowa ya amfana.

Abin da ake magana a kai shi ne murfin nan da ke rufe saman inji, wanda bakanike ke kwancewa idan zai daidaita bawul. A ido aikinsa kaɗan ne, amma a ƙarƙashinsa baƙin mai ke fantsama a kan ƙarafan da ke buɗe bawul suna rufewa. Shi ke tsare man kada ya fita, shi kuma ke hana ƙura shiga. Duk wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Jibiya a lokacin hunturu ya san cewa ƙura ba abar wasa ba ce ga inji.

Al'adar sauya wannan murfi da na ado daga Amurka ta fito. Bayan yaƙin duniya na biyu, samari a jihar Kalifoniya suka shiga gyara tsofaffin motoci domin gudu da kuma burgewa. Da kamfanin Chevrolet ya fito da injinsa mai silinda takwas a 1955, wanda ke da murfi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da ƙusa huɗu kacal, sai abin ya zama mai sauƙi: cikin ɗan lokaci mutum zai kwance na kamfani ya ɗaura mai ƙyalli. Kamfanoni irin su Edelbrock, wanda aka kafa a 1938, suka yi suna wajen zuba murafun alminiyam masu layi-layi kamar haƙarƙari. Daga baya kuma aka cika kasuwa da na gwangwani marasa kauri da aka shafa wa ruwan kurom, masu arha.

To a nan ne matsalar take, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado. Murfin gwangwani mara kauri, da zarar an ɗaure ƙusa da ƙarfi sai bakinsa ya lanƙwashe, ya daina zama daidai a kan gaskit. Bugu da ƙari, santsin kurom ba ya riƙe gaskit yadda ya kamata. Sakamakon haka mai ya fara tsiyaya, ya gangara kan ƙarfen da hayaƙi ke fita, wanda ke da zafi ƙwarai. Farko ƙauri ne da hayaƙi, idan aka yi sakaci kuma, ko injin ya ƙare da mai ya buga, ko wuta ta tashi.

Akwai kuma illa ta biyu wadda ba a gani daga waje. Inji yana numfashi. Wata iska mai zafi takan kuɓuce ta gefen fistin ta taru a ciki, kuma dole a ba ta hanyar fita. Tun 1961 sababbin motocin da ake sayarwa a Kalifoniya suka fara zuwa da bututun da ke mayar da wannan iskar cikin inji domin a ƙona ta, daga baya tsarin ya bazu ko'ina. A motoci da yawa, bututun daga jikin murfin yake fita, kuma a ciki kamfani ya sa wani ɗan faranti da ke tare mai, ya bar iska kawai ta wuce. Da yawa daga cikin murafun ado babu wannan farantin. Idan babu shi, injin zai riƙa zuƙar mansa yana ƙonawa, fulogi su yi baƙi, mota ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi. Idan kuma babu hujin numfashin gaba ɗaya, iskar za ta tura mai ta duk inda ta samu kafa. Mai mota zai zaci ringi ne suka mutu, ya kashe kuɗi wajen buɗe injin da lafiyarsa ƙalau. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Wannan ba ya nufin duk murfin ado ba shi da kyau. Na alminiyam mai kauri, wanda aka yi domin wannan injin takamaimai, yana iya fin na kamfani riƙe gaskit. Amma a lura, kowane inji da murfinsa. Ko a cikin injunan Chevrolet ɗin nan, na 1987 zuwa gaba ƙusoshinsu ta tsakiyar murfi suke bi, na da kuma ta gefe, saboda haka ba sa shiga juna.

Yanzu mu dawo gida. Tsohuwar motar da muka fi sani ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, sannan aka yi shekaru wajen talatin ana harhaɗa ta a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975. Ita da yayarta 404 su suka yi ta jigilar fatake da kayansu tsakanin Ƙonni da Illela, da Magarya da Daura. Injin fetur nata a kishingiɗe yake gefe guda, kuma fulogi ta cikin ramukan da suka ratsa murfin suke shiga. Murfin da ɗan'uwanmu ya gani a waya ba zai taɓa hawa kanta ba. Wanda ya saro irinsa, to ya tabbatar da motar da zai sayar wa tukuna, kada jarinsa ya kwanta a kan kanta.

Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwa shi ne, can inda aka fara wannan ado, masu tara tsofaffin motoci sun fi daraja motar da ke da kayanta na asali. A gwanjon da ake yi kowace Janairu a Scottsdale ta jihar Arizona, da baje kolin Rétromobile da ake yi a Paris tun 1976, masu saye sukan duba lambar inji da kowane ƙaramin ƙarfe, su ga ko shi ne wanda motar ta fito da shi daga masana'anta. Saboda haka masu wayo a cikinsu, ko sun ɗaura na ado, sukan wanke na asalin su ajiye, ranar sayarwa su haɗa da shi. Dalili kuwa a fili yake: na ado ana zuba sabo kullum, na asali kuwa an daina yin sa, kuma kullum raguwa yake.

Mu kuma a nan, tsofaffin ƙarafan mota a kan sikeli suke ƙarewa. 'Yan gwangwan su saye su da kilo, na alminiyam su koma tukunya a hannun maƙera. Tunda an daina ƙera 504, duk murfin da aka narkar ya tafi ke nan, alhali akwai masu wannan mota da har yanzu da ita suke ciyar da iyali.

Shawararmu ga mai shago ita ce, idan tsohon murfi ya shigo hannunka, ka kifa shi a kan gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe ka ga ko bakinsa ya zauna daidai, ka duba ko ya tsage, ka leƙa ciki ka ga farantin numfashin, sannan ka rubuta sunan motar a jikinsa ka ajiye. Mai mota kuma da ke son injinsa ya yi kyau, wanki da kananzir da sabon fenti da sabon gaskit sun ishe shi, kuma a ɗaure ƙusoshin a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.